Tumatirin Inna Mai Ratsi

Gangara, 9 ga Afrilu, 1966

Zuwa ga ƙanena Zakari a Yamai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rakiya da yara. Allah ya tsare ka a aikin jandarma, ya ƙara rufin asiri. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara shigowa. 'Yata Balki ta sauka, an samu mace, an sa mata Sakinatu. Mushe Haruna, malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ke rubuta mini, na kuma ce masa kada ya tausasa ko kalma ɗaya.

Takardarka ta iso, inda ka ce in je in ba Yaya Ila haƙuri. Zakari, ba zan je ba. Nasa ka ji, to yau ji nawa. Ka san tumatirin marigayiya Inna, mai ratsin rawaya da ja, wanda take matsewa a tsumma ta barbaɗa toka ta rataye don iri. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da shi a garkar gidanmu, lambun nan na bakin rijiya. Bana malamin gona ya zo daga Tanut da sabon iri jajir, ya ba yayanmu. Malamin mutumin kirki ne, da ya ga nawa sai ya ce wataƙila ciwo ne, a sa ido. Iyakar maganarsa ke nan. Amma ka san Yaya in ya ji zance daga bakin mai wandon kaki. Ya dawo gida yana cewa tumatirina kuturta gare shi, zai shafa wa nasa. Na ce da shi, da wannan kuturtar aka yi miyar da ta raine shi har ya yi gemu.

Ranar kasuwa na tafi sayen gishiri, ina dawowa na tarar da garka fayau. Yaya ya tuge duka tushe arba'in, ya watsa wa akuyoyina, suka cinye har 'ya'yan fari da suka nuna, waɗanda na bari don iri. Tsumman bara kuwa na shuke shi kaf, ba ƙwaya ɗaya a ɗakina. Na zauna a ƙasa na yi kuka, wallahi kamar ranar da aka fita da Inna. Da ya zo wucewa na faɗa masa a gaban mutane: "Yaya, abin uwarka ka ba dabbobi." Wannan ce rashin kunyar da ya kai maka ƙara a kanta.

Da na share hawaye sai na dubi akuyoyin nan, suna ta tuƙa ko a jikinsu. Na ɗaure su a turke kwana uku, ban bar ko ɗaya ta leƙa waje ba. Na tsince kashinsu tas a ƙwarya, na marmashe, na baza a bayan ɗakina, ina ba shi ruwa safe da yamma. Mata suna leƙowa ta danga suna dariya, wai Hajjo ta zautu, tana noman kashin awaki. Kwana goma sha biyu ba abin da ya fito sai ciyawa. Rannan da safe na duƙa na murza wani ganye, na shinshina, sai ga ƙanshin nan. Tara suka tsiro, biyu suka mutu. Na yi wa bakwai ɗin rumfar zana saboda rana, ruwansu kuma ni nake ɗaukowa a kaina. Yanzu sun yi 'ya'ya, ratsin ya fito sarai.

A gidan mijina suke wannan karon, inda Yaya ba shi da iko da ko tsinke. Kullum in mun haɗu ina durƙusawa in gaishe shi, yana kau da kai. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba, amma ba ni na yi laifi ba.

Ka gaishe mini da Rakiya, da Audi da Nana. Balki da Gwaggo Jika suna gaishe ku. Miyar fari in na yi, kwanon farko gidan Yaya Ila za shi. In ya ci, yayana ne. In ya maido, yayana ne, gobe ma in sake aikawa. Haƙuri dai ba zan ba shi ba.

Yayarka,
Hajjo