Sha Uku da Talatin da Ɗaya

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona sabon zuwa. Allah Ya raya shi, Ya ƙara miki ƙarfin jiki, amin. Mu a nan sai godiya. Babanku lafiyarsa lau, in ban da gwiwar da ke yi masa tsiya idan zai hau matakala. Yayarki tela, ɗinki ya yi mata yawa, ko zama ba ta samu. Gwaggonki ta yi mura ta warke tun makon jiya, amma ta ƙi yarda ta warke don kada a daina zuwa duba ta. Kakarku ce idonta na dama yake ruwa, an ba ta maganin ɗigawa. Kajina shida ma lafiya suke, ba su san abin da nake ƙulla musu ba.

Hoton da kika turo na kalle shi har Babanku ya ce zan huda wayar da ido. Yaro tubarkalla, kumatu kamar a taɓa su fashe, goshin kuwa nawa ne, duk wanda ya ce na dangin ubansa ne son kai ne kawai. To amma da na gama kallonsa sai na kalle ki. Na ga ƙashin wuyanki ya fito, na kuma hango wani gwangwani a kan tebur a bayanki. Da na tambaye ki a waya kika ce ots ne, hatsin nan da ake damawa da ruwan zafi, shi kike sha safe da rana saboda yaron ba ya yarda a ajiye shi, maigidanki kuma da sassafe yake fita aiki. Kika yi dariya kika ce ai yana da amfani ƙwarai. Na ce to, amma raina bai ce to ba.

Washegari na sayo irinsa, na tafi da shi ajinmu na koyon karatu, na ɗora a teburin malama. Na ce ta faɗa mini gaskiya tsakanin wannan da kaza wanne ya fi riƙe mai shayarwa. Sai ta ajiye darasin ranar, ta nuna mana ƙananan lambobin da ke jikin gwangwanin, waɗanda duk tsawon rayuwata na ɗauka ado ne. Ta ce kowane abinci ana auna giram ɗari, a ga abin da ke ciki. Ta duba na dafaffiyar tsokar kaza a wayarta, ta raba allo biyu ta rubuta furotin, wato abin da ke gina jiki. Aji ya kaure. Matar mahauci ta ce ko ba a duba ba nama ne gaba, mai shagon kayan shayi ta ce ai dole ta faɗi haka tunda da shi ake ciyar da ita. Ina dariya ina kwafa, lokaci kuma ya ƙure.

Da na dawo gida na buɗe littafina, sai na ga sha uku a wajen ots, sha uku a wajen kaza. Auta, ranar har da 'yar rawata a tsakar ɗaki. Na ce ashe 'yata ta fi ni gaskiya, ashe daidai suke. Na nuna wa Babanku, shi kuwa sai fuskarsa ta canza, ya tambaya ko wannan na nufin an daina yanka kaza a gidan nan ke nan. Kwana ɗaya cur hankalina kwance. Da malama ta zo duba littattafai sai ta tsaya a kaina, ta zagaye lambar da jan biro. Ashe na kaza talatin da ɗaya ne. Ukun ce a gaba, ɗaya a baya, ni kuma garin sauri na juya su. Ta ce lambobi kamar takalmi ne, kowace da ƙafarta. Kunya ta kama ni, amma tsoron da ya dawo mini ya fi kunyar.

Ban tsaya nan ba. Na ari ƙaramin sikelin maƙwabciyarmu mai yin kek, na auna giram ɗari na ots. Ya wuce kofi guda tun yana busasshe, da na dama kuwa sai ya kumbura ya cika kwano biyu. Na ajiye wa Babanku na ce ya taimaki ilimi. Ya sha ɗaya da rabi ya ɗaga hannu, ya ce ko a gasa aka sa shi ya sallama. Sannan na auna tsokar kaza, giram ɗarin bai fi tafin hannuna ba. Ki duba fa: sai kin shanye kwano biyu kafin ki sami sha ukun nan, ke da na san ko rabin kwano ba kya gamawa yaron zai tsala kuka.

Kada ki ce na tsani abincinki, na yi masa adalci. Nas ɗin da ke layinmu ta ce ots yana ba da kuzari, yana daɗewa a ciki, yana kuma da wani abu kamar dusa mai sauƙaƙa bayan gida, wanda kaza ba ta da shi ko kaɗan. Ta ce yana da kyau ga zuciyar masu shekaru, don haka yanzu Babanku kullum da safe sai ya sha, yana sha yana cewa ke kika ja masa. Amma ta ce mai shayarwa tana bukatar abin gina jiki fiye da da, domin mutum biyu ke ci a kwano ɗaya. Ba zaɓe za ki yi tsakaninsu ba, haɗawa za ki yi. Ki sha ots ɗinki da madara da safe. Ranar da maigidanki ba ya aiki ya dafa kaza guda, a rarraba a sa a firiji, kullum ki ɗumama yanki. Da hannu ɗaya ake cin cinya, ɗayan yana riƙe da yaro, haka na yi da ku duka. Idan babu kaza, ƙwai ko wake ko kifi, da ɗan ganye.

Ga abin da nake so. A waya kullum lafiya lau kike ce mini, don haka a rubuce nake son amsa, yanzu babu mai karanta mini, babu mai rage mini magana. Ki rubuta duk abin da kika ci na kwana uku, ki ba kawunki direba da ya kawo miki wannan. Zai sake tahowa wajenku sha huɗu ga wata. Idan ban ga takardarki ba, ko na ga ots kaɗai a ciki, to ki share mini ɗaki, ina gaban motarsa da kaji biyu a kwali. Babanku ya ce ya lura tun yanzu na wanke jakata, wai addu'a nake takardar ta ɓata a hanya.

Ki gaida maigidanki, ki ce na gode da ɗawainiya. Ki gaida surukarki da ƙanwar mijinki. Kakarku, gwaggonki da yayarki duk suna gaishe ku. Ki shafa mini kan angona, ki ce masa ya riƙa barin uwarsa ta ci abinci.

Amsarki ta iso ni kafin sha uku ga wata. Ɗaya a gaba, uku a baya. Na duba sau biyu, wannan karon ban juya ba.

Taki har kullum,
Ummanki