Allurar ɓerayen bincike na yi wa mahaifina

Assalamu alaikum Hajiya, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni kafin ku zage ni. Zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni 'yar Gwale ce, ina digiri na biyu a fannin harhaɗa magunguna. A kan ɓeraye muke bincike. Mukan tsira wa ɓera 'yar tiramadol a tafin ƙafar da ke ciwo, mu ga ko za ta kashe zafin a wurin kawai, ba sai ta zaga jiki ba. Da idona na ga ɓeran da ke ta lasar ƙafarsa ya daina, har ya taka ta.

To, Babana ciwon gwiwa ya hana shi sujada, a kan kujera yake sallah. Ran nan bayan la'asar na tarar yana share hawaye, ya ce, "Uwata, goshina ya yi kewar ƙasa." Me ya shiga kaina? Na ɗebo maganin a ɓoye na tsira masa a gwiwa, ni da ban taɓa koyon yi wa mutum allura ba. Ranar ya yi sujada, yana ta sa min albarka. Sai na ƙara masa, na sake ƙarawa.

Yanzu gwiwar ta kumbura ta yi ruwa, yana kwance a asibiti, har ana maganar tiyata. Likita ya tambaye ni, "Malama, an taɓa yi masa allura a wurin?" Wallahi na buɗe baki na ce a'a. Yayyena kuwa sun ɗora laifin a kan maƙwabcinmu, wani dattijon wanzami da ya yi masa ƙaho kwanakin baya. Har ƙofar gidansa suka je suka ci masa mutunci, mutanen unguwa sun daina zuwa aski wurinsa. Jiya wanzamin ya zo dubiya da 'yan lemo a leda, yana cewa, "Alhaji, ka yafe min." Baba ya juya fuska bango. Da tsohon ya fita, Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Kar ki faɗa, korar ki za su yi daga makaranta."

Ina zan sa kaina? In na yi shiru, likita yana lalube a duhu, bawan Allah kuma yana ɗauke da laifina. In na faɗa, na saɓa wa Baba, karatuna ya tafi, ban kuma san da wane ido zan kalli yayyena ba. Gobe da safe likitan zai dawo duba shi. Me zan yi?