Faifan Yaya Hajo Yana Rataye

Zuwa ga ƙanena Bello, a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Ga gaisuwa mai ƙamshin sabuwar shinkafa, da fatan kana lafiya, kai da Maryamu da yara. Yaya aiki, yaya zaman baƙunta? Mu a Birnin Kebbi jiki lafiya, zuciya ce ke ciwo.

Bara matan da ke shiƙa a fadamar Zauro suka roƙe ni in rubuta wa mai gona takardar neman ƙarin lada, saboda tsadar rayuwa. Na ƙawata ta, har da baituka biyu. Ya kuwa ƙara musu, na yi ta alfahari.

Bana da girbi ya kama, yayarmu Hajo ta ɗauki faifanta ta tafi, kamar yadda ta saba tun muna ƙanana. Sai ta tarar da inji yana yanka, yana bugu, yana sheƙewa shi kaɗai. Mai gonar ya rusuna ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ladan mutane ya fi ƙarfina."

Da na je neman gafararta, sai ta ce, "Umaru, bar zargin alƙalaminka. Ni damuwata, in gari ya waye ban san inda zan nufa ba."

Don Allah ka kira ta, muryarka tana sanyaya mata rai. Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanenmu na can. Faifan da ya ciyar da mu yana rataye a bangonta, na kasa ɗaga ido in dube shi.

Yayanka,
Umaru