Na Tuƙa Kwale-kwale a Jamus

Zuwa ga Yaya Issufu, a Gaya.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Anti Hajo da yara. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Yaya, ran Lahadi Abban Nafisa ya kai mu wani ƙauye na bakin gulbi. Muka hau dutse muka ga kangon gidan sarautarsu, inda da can ake tare jiragen fatake. Da muka sauko, Nafisa ta nace sai mun yi hayar kwale-kwale.

Ka san mutumin naka, Abban Nafisa, ɗan tudu ne. Ya yi ta fama, jirgi sai juyi yake wuri ɗaya. Na ce, "Malam, miƙo filafilin nan."

Wallahi hannuna bai manta ba. Na zauna a baya kamar yadda Baba yake zaunar da mu in za mu duba taru da safe, jirgi ya miƙe sarai.

Nafisa ta ce, "Mama, a wace makaranta kika koya?"

Na ce, "Wajen kakanki."

Ta ce, "Dama yana da jirgi?"

Nan hawaye suka zo mini. Shekararta tara, ba ta san ko wane ne marigayi Baba ba.

Don Allah kada ka sayar da jirginsa. In Allah ya yarda da babban hutu zan kawo ta, ka tsallaka da ita.

Ka roƙa mana addu'ar Inna. Ka gaida Gwaggo ta Bengou.

Ƙanwarka,
Ramatu