Na Shirya Teburi Ranar Muhawara, Ba Wanda Ya Shigo

Malama Rosalind, don Allah ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini kallon tsohon da ya fara ruɗewa ba.

Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, a wani ƙaramin gari da ke bakin tafki a Wisconsin. Matata Noreen ta rasu bara. Ita ta kafa wata al'ada a gidanmu: duk shekarar zaɓe, ranar da 'yan takara za su yi muhawara a talabijin, sai ta tara 'yan uwa da abokai. Kowane abinci da giyar inabin da ta dace da shi. Fara mai sanyi da kyafaffen kifin tafki, ja mai nauyi da gasasshen naman sa, wata mai zaƙi da cukun nan mai wari da ban taɓa so ba. Baƙinmu rabi 'yan wannan jam'iyya ne, rabi 'yan waccan. Idan musu ya yi zafi tsakanin yayanta Wendell da ƙawarta Paulette, sai Noreen ta miƙe ta ce, "To, 'yan majalisa, a ajiye makamai, ga cuku ya iso." A yi dariya a ci gaba. Ni aikina buɗe kwalba ne da wanke kofuna.

Bana na ce zan yi, ko gidan ya ɗan ji muryar mutane. Na je kantin giya na tsaya ina zare ido, sai da mai kantin ta tausaya ta zaɓa mini. Na kira kowa. Paulette ta ce, "Idan Wendell mai taurin kan nan zai zo, cire ni. Ka ga allon tallan ɗan takararsa da ya kafa a ƙofar gidansa kuwa?" Wendell kuma ya ce, "Malam, gaya mata ta taho da audugar toshe kunne, don ba zan yi shiru ba." Ban yi wa kowa ƙarya ba, na ce duka na gayyata. Sauran ma kowa da uzurinsa, wannan jika ba lafiya, wancan ciwon gwiwa.

Ranar na shirya kifi da nama, na jera kofuna, na kunna talabijin. 'Yan takara suka gaisa, suka fara yi wa juna ihu. Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Can na leƙa ta taga, sai ga motar Wendell a bakin titi, yana zaune ciki riƙe da sitiyari. Na tsaya bayan labule ina jira ya fito. Bai fito ba, ni ma ban fita ba. Ya ja motarsa ya tafi. Kifin a tsaye na ci shi a kicin.

'Yata Tessa da ke Denver ta ce, "Baba, ka haƙura, wannan abu na Mama ne, ya bi ta." Ga muhawara ta biyu na tafe mako mai zuwa. In sake gayyata? Ko dama can ba don ni suke zuwa ba?

Mai Buɗe Kwalba

Ya kai Mai Buɗe Kwalba,

Ina yi maka ta'aziyyar Noreen. Ba ka ruɗe ba, kewa ce ke damunka, kuma dafa wa mutane abinci ba mummunar hanyar magance ta ba ce.

Tessa tana da gaskiya ta wani ɓangare. Taron da matarka ta riƙa yi ba zai dawo yadda yake ba, domin ita ce take riƙe da shi. Inda na saɓa da 'yarka shi ne a ce ka rufe ƙofa gaba ɗaya.

Kada kuma ka yi saurin yanke wa baƙinka hukunci. Paulette ta rasa ƙawa, Wendell ya rasa ƙanwa. Cewa "ba zan zauna da wancan ba" ya fi sauƙin faɗa a kan "ba zan iya shiga falon nan babu ita ba." Siyasar ma tana da nata laifin, ban musa ba. Amma mutumin da ba ya son ka ba zai tuƙo mota har ƙofarka ba. Shi ya kasa shigowa, kai ka kasa fita. Tunda gidanka ne, kai za ka fara.

Je ka same shi da rana, ba ta waya ba. Ka ce ka gan shi, kuma ka yi nadamar rashin fitowa. Ka gayyace shi muhawarar shi kaɗai. Abinci ɗaya, kwalba ɗaya ta isa: jar giya da naman sa, da ruwan tuffa a gefe tunda zai tuƙa mota. Idan ihun 'yan takara ya ishe ku, ku kashe sautin ku yi hirarku. Paulette kuwa ka ware mata wata rana daban, talabijin a kashe, ka roƙe ta ta koya maka wace giya ce ta dace da wane abinci. Za ta ji daɗin an buƙace ta. Kada ka ɗora wa kanka sulhunta su a bana.

Idan Wendell ya ce a'a, kada ka zauna kai kaɗai da kwalba. Ka kira Tessa ku kalla tare ta waya, ka sake gwada gayyatar Wendell bayan zaɓe.

Ina yi maka fatan sauƙin zuciya, da baƙon da zai ci har ya nemi ƙari.

Rosalind