Za a ja Yasin kan wanda ya buɗe kwamfutar Yaya

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku bari in kai ƙarshe, ni ma na san ban kyauta ba.

Ni malamin kwantaragi ne a Madarumfa. Ina da wata tsohuwar kwamfutar cinya mai nawar tsiya, kafin ta buɗe har shayi ya huce. Aka ce in ƙara mata RAM, ɗan sililin nan da masu gyara ke kira baret. Na hau kabu-kabu zuwa Ɗan Issa na saya a wurin mai kayan gwanjo, ban tafi da kwamfutar ba, ban duba lambarta ba, wai ni wayayye. Da na dawo sai ya ƙi shiga. Ashe iri-iri ne, kowane da inda tsagarsa take. Mai kayan kuwa ya ce abin da ya bar teburinsa ba ya dawowa.

A lokacin yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya tafi Yamai, ya bar mini ajiyar tasa, irin tawa sak, wadda da ita yake aikin da ke ciyar da gidanmu. Na kwance ta, na ga baret biyu. Zuciyata ta ce ɗaya ma ya ishe shi. Na cire guda na sa a tawa, ta tashi kamar sabuwa. Don kada a ga gurbi, na ɗauki magagari na goge tsagar wancan na Ɗan Issa, na danna shi da ƙarfi har ya zauna. Ban ko kunna na gwada ba. Wane irin mutum ne ke yi wa ɗan'uwansa haka?

Yaya ya dawo, ya kai ta caji rumfar Iliya mai sola a bakin kasuwa. A can aka kunna, ta yi ƙauri, ta mutu. Mai gyara a Maradi ya ce allon cikinta ya ƙone, ya nuna wa Yaya sawun magagari, ya ce hannun mutum ne. Kowa ya ce Iliya ne. Yanzu ba mai kai masa cajin ko taliho, wato wayar hannu, yaransa sun daina zuwa lakwal, makarantar boko, saboda gori. Ya zo ƙofar gidanmu yana hawaye yana rantsuwa, ina tsaye ina kallon ƙasa. Ni ko sau ɗaya Yaya bai tambaye ni ba.

Shekaranjiya Inna, mahaifiyarmu, ta ce tunda Iliya ya musa, a bar wa Allah. Ranar Juma'a bayan an sauko za a tara malamai a zaurenmu a ja Yasin kan duk wanda ya buɗe kwamfutar, hannun da ya taɓa ta ya shanye. Na ce Inna a yi haƙuri, abin bai kai nan ba. Ta zuba mini ido ta daɗe, sannan ta ce:

"Kai za ka buɗe karatun. Duk gidan nan ba wanda ya kai ka iya fitar da harafi."

Tun daga ranar ban ƙara kunna tawa ba, na tura ta ƙarƙashin gado, baret ɗin Yaya na ciki. Wallahi tsoro nake ji. Jiya ina rubutu a allo, alli ya suɓuce mini, yatsuna biyu suka yi sanyi. Na ce ko tunani ne kawai. To in tunani ne, me ya sa yau da safe sai da matata ta ɓalla mini maɓallin riga?

In na faɗa, da wane ido zan dubi Yaya, da wane baki zan roƙi Iliya? In na yi shiru, da bakina zan karanta wa kaina, Inna tana bayan labule tana cewa amin. Yau Laraba, har an sayo goron malamai.

Me zan yi?