Wane ne Kwaminis a Gidanmu

Ikko, Yuli 1964

Yaya Labo,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Baba, yaya ƙafar Inna Marka? Ruwa ya zauna a Gozaki? Ni lafiya lau, sai dai tun bayan yajin aiki ba a sake kirana dako a tashar jiragen ruwa ba. Ina cin abinci, ba dai kullum ba.

Na ji Dogo direba ya kai wa Baba labari wai na zama kwaminis, har Baba ya rantse ba zan ƙara taka gandunsa ba. Dogon da ko alif bai sani ba. Ni na karanta littafin 'yan kwaminis ɗin, kuma abu biyu ne. Na farko soshalis: gona da masana'anta na jama'a ne, amma kowa ya samu daidai guminsa. Ni a kan wannan nake. Kwaminis sai can gaba, in an kai: kowa ya yi iyakar ƙarfinsa, ya ɗebi iyakar buƙatarsa.

To, ka tambayar mini Baba cikin ladabi, tunda ni bakina bai iya ba. Yaushe rabon kakarmu Tsohuwa da fartanya? Wa ya taɓa auna mata tuwo da guminta? Rumbu ɗaya ake buɗe wa kowa. Abin da masu littafin ke jira, shi Baba yake yi tun ba a haife ni ba.

Ina nan tafe kafin kaka, zaman nan ya ishe ni. In da aikina na bana za a auna ni, ko zangarniya ɗaya ba ni da ita. Ka roƙe shi ya auna ni yadda yake auna Tsohuwa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Ɗanasabe